Gangaren da Ya Fi Wuya: Me Baƙar Alama Ke Nufi a Filin Zamiyar Ƙanƙara?

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata, malaminmu na darasin fassara ya raba mana wani guntun rubutu na Ingilishi, ya ce kowa ya mayar da shi Hausa kafin mako ya zagayo. Rubutun yana magana ne a kan wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, musamman hanyoyin gangara da suka fi wuya a duwatsun Turai. Ni dai ba da Hausa na tashi ba, a makaranta da kasuwa na koye ta, kuma ban taɓa taka dusar ƙanƙara ba. Saboda haka sai na rungumi ƙamus, na bi rubutun kalma bayan kalma. A wani wuri na rubuta cewa akwai wata hanya a ƙasar Ostiriya wadda gangararta ta kai digiri 78.

Ranar da aka dawo mana da takardunmu, malam ya kira ni gaban allo, ya miƙo mini alli, ya ce in zana wa 'yan aji gangara mai digiri 78. Da na zana sai ga abu ya tashi tsaye kamar bangon ɗaki. Malam ya dube ni ya ce, "To, wa zai sauko daga nan da ransa?" Aji ya fashe da dariya. Ashe abin da rubutun ya ce shi ne kashi 78 cikin ɗari, ni kuma na ɗauka duk ɗaya ne da digiri.

Wannan kunya ce ta sa na koma na yi karatu a kan lamarin. A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana wa mai karatu yadda ake auna wuyar hanyar zamiya, da abin da launukan da ake kafawa a bakin hanyoyin suke nufi, sannan in kawo misalan hanyoyi biyar da suka yi suna wajen wuya. Abin da na fahimta shi ne, lamba ɗaya ko launi ɗaya ba ya isa ya faɗa wa mutum abin da ke jiran sa a kan dutse.

Yadda Wasan Yake

Mai wasan zamiya yakan ɗaura wasu dogayen alluna biyu marasa faɗi a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya sulalo daga saman dutse zuwa ƙasa a kan dusar ƙanƙara. Allunan ba su da birki. Idan yana so ya rage gudu, sai ya riƙa karkata dama da hagu, yana dasa kaifin gefen allunan a cikin ƙanƙarar. Hawa dutsen kuwa da na'ura ake yi, ko dai kujeru masu rataye a jikin igiyar ƙarfe, ko kuma motar igiya irin wadda aka kafa a tsaunin Obudu na Jihar Kuros Riba.

Filin zamiya ɗaya yakan ƙunshi hanyoyi da dama da aka shata a jikin dutse, kowace da sunanta ko lambarta. Yawancinsu akwai wata babbar mota mai tafiya a kan sarƙa da takan bi su da dare tana baje ƙanƙarar tana daddale ta, domin masu wasa su tarar da ita sumul da safe. Wasu hanyoyin kuma da gangan ake barin su yadda suke. Wannan bambanci yana da muhimmanci, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Kashi Cikin Ɗari da Digiri

Bari in fara da kuskuren da na yi. Idan aka ce gangara tana da kashi 40 cikin ɗari, ana nufin duk mita 100 da mutum ya ci a miƙe, ya sauka ƙasa da mita 40. Digiri kuwa kusurwa yake aunawa, inda shimfiɗaɗɗiyar ƙasa take sifili, bangon ɗaki kuma yake digiri 90. A bisa wannan lissafi, gangara mai kashi 100 cikin ɗari digiri 45 ce kacal, wato rabin hanya tsakanin ƙasa da bango. Kashi 78 ɗin da ya ba ni kunya kuwa bai wuce digiri 38 ba.

Kada mai karatu ya raina digiri 38. Matakalar bene ta gidajenmu takan kasance tsakanin digiri 30 zuwa 35. Titin Baldwin da ke birnin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, wanda aka sani a matsayin titin mota mafi tsananin gangara a duniya, kashi 35 cikin ɗari yake da shi, wato bai kai rabin 78 ba. Sai mutum ya ƙaddara matakalar da ta fi ta gidansu miƙewa, a cire mata matakan, a shafe ta da ƙanƙara, sannan a ce ya sauko a tsaye.

Launukan Hanya

Domin kada sabon shiga ya faɗa inda ya fi ƙarfinsa, ana kafa alamu masu launi a bakin kowace hanya. A ƙasashen da ke kewaye da duwatsun Alps, shuɗi yana nufin hanya mai sauƙi, ja matsakaiciya, baƙi kuma mai wuya. Faransa ta ƙara kore domin 'yan koyo. A Ostiriya da Jamus akwai ƙa'idar da ta ce shuɗiyar hanya kada ta wuce kashi 25 cikin ɗari, ja kada ta wuce kashi 40, duk abin da ya haura haka baƙa ce.

A Amurka da Kanada ana haɗa launi da siffa. Koriyar da'ira ita ce mai sauƙi, shuɗin murabba'i matsakaici, baƙin lu'ulu'u kuma mai wuya. Idan aka jera baƙin lu'ulu'u biyu, to wurin na gwanaye ne zalla. An fara amfani da wannan tsari a Amurka a shekarar 1968.

A nan ne babban tarkon yake. A Amurka da Kanada kowane fili shi yake yanke wa hanyoyinsa hukunci, kuma yana kwatanta su ne da junansu. Baƙin lu'ulu'u a ƙaramin tudun da ke bayan gari yana nufin nan ne ya fi wuya a wannan tudun kawai. Mai yiwuwa ne da za a ɗauke wannan hanya a kai ta babban dutse, shuɗiyar alama za a kafa mata. Ko a Turai ma da ake da ƙa'ida, baƙar alama ta haɗa mai kashi 41 da mai kashi 78 a buhu ɗaya. Saboda haka wanda ya saba da baƙar hanyar garinsu, ya je baƙon wuri yana taƙama, zai iya gane cewa ko a cikin gwanaye akwai na gaba.

Streif: Wuyar Gudu da Santsi

Hanyar da aka fi ambata idan ana maganar wuya ita ce Streif, wadda ke garin Kitzbühel a yankin Tirol na Ostiriya. Tana jikin wani dutse mai suna Hahnenkamm, wanda ma'anarsa da Jamusanci ita ce zankon zakara. An fara gasar wannan dutse a shekarar 1931, kuma tun 1937 ake tsere a kan Streif. A watan Janairu ake yin gasar.

Tsawon hanyar mita 3,312 ne. Tana farawa a tsayin mita 1,665 daga saman teku, ta ƙare a mita 805, wato mai tsere yana saukowa mita 860. Fritz Strobl ɗan Ostiriya ya gama ta cikin minti 1 da daƙiƙa 51.58 a shekarar 1997. Idan aka yi lissafi, matsakaicin gudunsa ya haura kilomita 100 a awa, alhali babu abin da ke tsakaninsa da ƙasa sai alluna biyu da hular kwano.

Abin mamaki shi ne, idan aka ɗauki hanyar gaba ɗayanta, gangararta kashi 27 ce cikin ɗari, wadda ko baƙar alama ba ta kai ba. Wuyar tana ɓoye ne a wasu gaɓoɓi. 'Yan daƙiƙoƙi bayan an tashi, mai tsere yakan iso wani wuri da ake kira Mausefalle, wato tarkon ɓera, inda gangarar ta kai kashi 85. A nan ƙasa takan kuɓuce masa, ya tashi sama, wani lokaci ya yi tafiyar da ta kai mita 80 kafin ya dira. Daga nan sai Steilhang, inda dole ya yi kwana a kan gangara mai tsanani, raga tana jiran sa a gefe. Kusa da ƙarshe akwai Hausbergkante, sannan ya ratsa jikin dutse a karkace, ƙafafu sun riga sun gaji, kafin ya miƙe zuwa layin ƙarshe da gudun da kan kai kilomita 140 a awa. Bugu da ƙari, kafin gasa ana zuba wa hanyar ruwa domin ta daskare ta yi tauri, ta yadda ba za ta farfashe ba kafin na ƙarshe ya wuce. Ke nan a kan daskararriyar ƙanƙara ake tseren.

Didier Cuche ɗan Suwizalan ya ci wannan tsere sau biyar, Franz Klammer ɗan Ostiriya kuma sau huɗu. Amma hanyar ta karɓi nata rabon. A Janairun 2009 Daniel Albrecht ɗan Suwizalan ya faɗi a tsallen ƙarshe lokacin gwaji, ya yi kimanin mako uku a asibiti bai san inda kansa yake ba. A 2011 Hans Grugger ɗan Ostiriya ya faɗi a tarkon ɓera ya ji mummunan rauni a ka. Waɗannan duka ƙwararru ne da suka tashi a cikin wasan tun suna yara.

Akwai kuma wani darasi game da suna. Idan ba lokacin gasa ba ne, talakan mai wasa yana iya bin wata hanya mai jar alama da ake kira Streif ta iyali, wadda take kewaye munanan wuraren nan. Don haka mutum biyu za su iya cewa sun sauko ta Streif, amma ba abu ɗaya suka yi ba.

Harakiri da Bangon Suwizalan

Hanyar da ta jawo mini dariyar aji sunanta Harakiri, tana garin Mayrhofen, shi ma a yankin Tirol. An aro sunan ne daga Jafananci, inda yake nufin al'adar nan ta jaruman da ta kashe kai da takobi. Wurin da ya fi tsanani a jikinta shi ne mai kashi 78. Saboda tsananin gangarar, motar da ke baje ƙanƙara ba ta iya aiki a kanta sai an ɗaure ta da igiyar ƙarfe daga sama. Wuyar Harakiri a fili take: ba ta da tudu ba ta da rami, amma wanda ya faɗi a kanta da wuya ya iya tsayar da kansa, sai dai ya yi ta darzar ƙasa har gindin gangarar.

A kan iyakar Faransa da Suwizalan kuma, tsakanin Avoriaz da Champéry, akwai Chavanette, wadda aka fi sani da Bangon Suwizalan. Tsawonta kimanin kilomita ɗaya ne, saukarta kuma ta haura mita 300. Ita ba a baje ta. Duk mai wasan da ya yi kwana yakan ture dusar ƙanƙara gefe, na bayansa ma ya bi sawunsa ya ƙara turawa, a haka har tudddai su taso a jere kamar kunyoyin doya a gona. A Bangon Suwizalan waɗannan tuddai sukan kai tsayin mutum, kuma idan rana ta narkar da su dare ya daskarar, sai su yi tauri kamar dutse. A nan mutum ba shi ke zaɓen inda zai juya ba, tuddan ne ke zaɓar masa, kuma gwiwoyinsa ne ke biyan kuɗin. Daga bakin hanyar ba a iya hango abin da ke ƙasa sosai sai an leƙa. Wanda ya leƙa zuciyarsa ta karaya, yana da damar ya hau kujerar igiya ta sauke shi, kuma da yawa haka suke yi. Hausawa sun ce gudu da waiwaye shi ke kawo mugun zato, amma a wannan wuri waiwayen tun kafin a fara gudun shi ne hankali.

Idan aka kwatanta waɗannan biyu za a ga cewa gangara kaɗai ba ta isa ma'auni ba. Yanayin fuskar ƙanƙarar yana iya mayar da hanya wata aba dabam, kuma yana sauyawa daga safe zuwa yamma. Alamar da ke kafe a bakin hanya kuwa ba ta sauyawa.

Kwazazzabon Corbet da Delirium Dive

A Jihar Wayomin ta Amurka, a filin Jackson Hole, akwai wani ƙunƙuntaccen kwazazzabo tsakanin duwatsu biyu mai suna Corbet's Couloir. An sa masa sunan Barry Corbet, wani mai hawan duwatsu da ya hango wurin a 1960 ya ce wata rana wani zai sauka ta nan. Wani ma'aikacin tsaron filin mai suna Lonnie Ball ne ya fara yin haka a 1967. Wuyar wannan wuri tana bakin ƙofa. Kafin mutum ya shiga, sai ya diro daga gaɓa mai tsayin mita 3 zuwa 6, gwargwadon yawan dusar da ta zuba, kuma da dirarsa dole ya karkata nan take, in ba haka ba ya yi karo da bangon dutse. Wanda ya tsallake wannan, sauran hanyar ba ta fi ƙarfin gwani ba. Motar igiya tana wucewa ta kusa da wurin, saboda haka duk wanda ya tsaya a bakin gaɓar yana shawara da zuciyarsa, akwai idanu a kansa. Wannan ma wani nau'in haɗari ne, domin jin kunya ya sha tura mutane inda ƙwarewarsu ba ta kai ba.

A Kanada kuma, a filin Sunshine da ke kusa da garin Banff, akwai Delirium Dive. Ba a barin kowa ya shiga wurin sai yana tare da abokin tafiya, kuma yana ɗauke da shebur da wata na'ura mai aika sigina wadda ake gano mutum da ita idan ƙanƙara ta binne shi. Dalili shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara, wadda ta fi aukuwa a gangaren da ke tsakanin digiri 30 zuwa 45, wato daidai irin gangaren da gwanaye suke nema. Wanda ƙanƙara ta rufe, mafi yawan damarsa ta rayuwa tana cikin minti goma zuwa sha biyar na farko. Kafin ma'aikatan ceto su iso lokaci ya ƙure, shi ya sa abokin tafiya da shebur suka zama wajibi.

Haɗari Ba Ya Bin Launi

Mai karatu zai iya zaton cewa wanda ya guje wa baƙar alama ya tsira. Abin ba haka yake ba. A watan Maris na 2009, 'yar wasan kwaikwayon Ingila Natasha Richardson ta faɗi a hanyar 'yan koyo a filin Mont Tremblant na Kanada, ba ta sanye da hular kwano. Da farko ta tashi tana magana kamar babu abin da ya same ta, amma jini yana taruwa a cikin kanta, bayan kwana biyu ta rasu. A ranar 29 ga Disamba, 2013, shahararren direban tseren mota Michael Schumacher ɗan Jamus, wanda ya iya zamiya sosai, ya ratsa wani ɗan fili da ba a gyara ba tsakanin hanyoyi biyu a Méribel ta Faransa, ya faɗi kansa ya bugi dutse. Duk da yana sanye da hular kwano, raunin ya sauya rayuwarsa gaba ɗaya. Babu ɗaya daga cikin wuraren nan biyu da ke cikin jerin hanyoyi masu wuya na duniya. Launi yana faɗin irin ƙwarewar da hanya ke bukata, bai yi wa kowa alkawarin sauka lafiya ba.

Kammalawa

A taƙaice, wuyar hanyar zamiya tana fitowa ne daga abubuwa da dama: tsananin gangara kamar na Harakiri, gudu da santsi kamar na Streif, tuddai kamar na Bangon Suwizalan, ƙuncin mashiga kamar na Corbet, da kuma abin da zai biyo baya idan an yi kuskure, kamar a Delirium Dive. Baƙar alama ta tattara duk waɗannan a launi ɗaya, kuma ma'anarta tana sauyawa daga wannan fili zuwa wancan. Shi ya sa masu koyar da wasan suke ba baƙo shawarar ya fara da hanya mai sauƙi a duk sabon filin da ya je, komai gwanintarsa, har sai ya gane ma'aunin mutanen wurin.

Mu ɗaliban harshe muna da namu rabon a nan. Wata rana wani daga cikinmu zai zauna a gidan rediyo ko ofishin jarida, a miƙo masa labari daga wata ƙasa a ce ya fassara cikin minti goma. Wani kuma takardar magani ko gargaɗin hukuma za a ba shi, inda kuskuren ma'auni ɗaya zai iya cutar da wanda ya dogara da fassarar. Ni na yi sa'a, a gaban allo na yi nawa kuskuren, abin da ya ci mini kawai maki uku ne da dariyar 'yan aji. Da na sake miƙa aikin, ga yadda na rubuta jumlar: hanyar Harakiri tana da gangara mai kashi 78 cikin ɗari, wato kimanin digiri 38, ta fi matakalar bene miƙewa. Malam ya karanta, ya ja layi a ƙarƙashin "matakalar bene", ya rubuta a gefe cewa yanzu mai karatu ya ga abin da idonsa.